Famfon fistan yana jijjiga: yadda ake karanta lambobin bugunsa

Tambaya: Muna da famfo mai fistan uku da ke tura ruwa da matsi mai ƙarfi. Yana juyi 300 a minti, moton lantarki mai juyi 1480 ne ke jan sa da bel. Bututun shigar ruwa, mai tsawon kusan mita 10 daga tanki, yana jijjiga har ya tsinka ƙarfen da ke riƙe da shi sau biyu. Na'urar awo ta nuna tsini a 5, 15, wajen 25 da kuma 30 Hz (Hz shi ne yawan bugu a daƙiƙa ɗaya). Na 30 ya fi kowanne girma a jikin bututun, na 5 kuma ya ƙaru a 'yan makonnin nan, ana kuma jin ƙwanƙwasa. Mun sauya boris, mun daidaita fuli, ba abin da ya canza. Ina matsalar take?

Amsa: Injiniya, sannu da ƙoƙari. Lambobin da ka kawo sun rage mana rabin aiki. Borisan nan da kuka cire, in ba ku zubar ba, ku shafa musu mai ku adana, don da wuya a ce su ne masu laifi. An bar jaki ne ana dukan taiki.

Ban ga laifinku ba. Yawancinmu a kan famfo mai farfela muka koyi awon jijjiga, shi kuwa juyawa kawai yake yi sumul, duk tsinin da ya fito a jadawalin na'urar awo sai a tuhume shi. Famfon fistan ba haka aka halicce shi ba. Ja yake yi ya tura, ja ya tura, ruwan da ke fita daga cikinsa kuma bugu-bugu yake fita tun ranar da aka fito da shi daga masana'anta. Lafiyayyen famfon fistan ma jadawalinsa cike yake da tsini. Shi ya sa ƙa'idar awon jijjiga ta ISO 10816-3 (ISO 20816-3 ta maye gurbinta a 2022), wadda mutane da yawa ke ɗauko iyakokinta su ɗora wa kowane inji, ba ta shafi irin wannan famfo ba. Injinan da ke kai da komo suna da nasu sashe, ISO 10816-6, famfon fistan na masana'antar mai kuma yana da API 674. Abin da za ka tambayi kowane tsini shi ne: daga ina ka fito, kuma me ya sa ka yi wannan girma a nan wurin?

Fara da raba 300 da 60, ka sami 5. Karanshaf ɗinka, wato sandar da ke juyawa tana tura fistan, yana zagaye biyar a daƙiƙa ke nan. Duk wata lamba da ka gani, raba ta da wannan biyar. 15 ninki uku ne, 30 ninki shida. Amma kada ka dogara da abin da aka buga a farantin jikin inji. Manna ɗan tef mai ƙyalli a fuli ka auna ainihin juyin da na'ura lokacin da famfo ke ɗauke da kaya, domin bel yana sulɓi, moto ma yana rage gudu da nauyi. Kuskuren juyi shida kawai a minti, in ka ninka shi sau shida, ya kauce da fiye da rabin Hz, sai ka kama wanda bai ji ba bai gani ba.

Ninki uku kowa ya gane shi: fistan uku, kowanne tura ɗaya a zagaye. Ninki shida ne ke ruɗa mutane. Kowane fistan yana tura ruwa ne a rabin zagaye, digiri 180, alhali tazarar da ke tsakaninsu digiri 120 ce. Don haka wani lokaci ɗaya ne ke turawa, wani lokaci biyu, kuma wannan sauyin hannu yana faruwa duk bayan digiri 60, sau shida ke nan a zagaye. Da a ce tafiyar fistan da dawowarsa iri ɗaya ce sak, da ninki shida kaɗai za ka gani. To amma kwanrod, sandar da ke haɗa fistan da karanshaf, yana da iyakar tsawo, yana karkacewa yayin da yake bin karanshaf, sai ya zama uku daga cikin faɗuwar nan shida sun fi sauran zurfi. Daga nan 15 ɗinka ta fito. A famfo mai fistan uku, bambancin da ke tsakanin ƙololuwar kwararar ruwa da ƙasanta yakan kai kusan kashi 23 cikin ɗari na matsakaicin kwarara. A mai fistan biyar kusan kashi 7 ne. Saboda haka 15 da 30 'yan gida ne, ba baƙi ba.

Na wajen 25 ba zan daɗe a kansa ba. Raba 1480 da 60 ka ga 24.7. Ina kyautata zaton moton ne, ba ninki biyar na famfo ba, don lafiyayyen mai fistan uku ba shi da wani abin kirki a ninki biyar. Tazarar da ke tsakanin 24.7 da 25 sulusin Hz ce kawai, na'urar da aka saita da kauri za ta haɗe su wuri guda. Saita ta daga sifili zuwa 200 Hz da layi 1600, kowane layi ya zama 0.125 Hz, awon zai ɗauki daƙiƙa takwas. In ya tabbata moton ne, duba fulinsa ko yana rawa, duba ƙafafunsa da ɗaurin bel. Shi bel ɗin nasa bugun kullum yana ƙasa da juyin babban fuli, tunda ya fi da'irar fulin tsawo, don haka ƙasa da 5 za ka neme shi. A nan ma akwai tarko: ƙananan na'urorin hannu da yawa daga 10 Hz suke fara ji. Ka tabbata taka tana sauka har 2 Hz, in ba haka ba girman da take nuna maka a 5 ba gaskiya ba ne.

Yanzu mu zo kan 30, inda gizo ke saƙa. Famfo ne ke haifar da bugun, amma ba shi ke ba shi girma ba. Wani abu ne ke amsa masa. Ka san lilo: in kana tura shi daidai lokacin da ya dawo, da ɗan yatsa ma sai ya yi sama. Kowane abu yana da saurin kaɗawar da ya fi so, in bugun famfo ya zo daidai da shi, ƙaramin bugu ya zama babba. A wurinka abubuwa biyu ne za su iya yin wannan amsawa, kuma maganinsu ba ɗaya ba ne: ruwan da ke cikin bututu, da kuma ƙarfen bututun kansa.

Ruwan da ke cikin bututu yana da amo kamar iskar cikin sarewa. Sauti yana tafiyar kusan mita 1480 a daƙiƙa a cikin ruwa, a cikin bututun ƙarfe kuma yana ɗan raguwa saboda bangon bututu yana buɗawa kaɗan, mu ce 1300. Bututun da bakinsa ɗaya ke buɗe cikin tanki, ɗayan kuma ya toshe a famfo, amonsa na farko shi ne saurin sauti a raba da tsawo sau huɗu. Mita 10 sau huɗu 40, raba 1300 da 40 ka sami 32.5 Hz. Ka ga yadda ya matso kusa da 30? Da na ga tsawon bututunka a tambayar, nan idona ya fara sauka. Lissafin nan na bayan takarda ne, amma kusancin ya isa a tuhume shi, balle ma ɗan kumfan iska a cikin ruwa yana sauko da saurin sauti sosai. Iska kashi ɗaya cikin ɗari kacal, a matsin sarari, tana iya mayar da shi wajen mita 100 zuwa 120 a daƙiƙa. Wanda bai kai haka ba nesa ba kusa ba ya isa ya janyo 32.5 ya ɗora a kan 30 daidai. Wannan ne dalilin da ya sa irin wannan jijjiga takan zo ta tafi: yau bututu kamar zai tashi sama, gobe shiru, alhali ba wanda ya taɓa komai, tsayin ruwan tanki ne ko zafinsa ya sauya.

Yadda bugun ruwa ke zama girgizar ƙarfe kuwa a gwiwar bututu yake faruwa. Ɗauki bututu mai faɗin ciki milimita 100. Bugun matsi na "bar" 5 (ma'aunin matsi ne) a kan wannan faɗi ƙarfi ne na kusan niyuton 3900, kamar nauyin kilo 400, yana zuwa yana komawa sau talatin a daƙiƙa. Ƙarfen riƙon da aka yi don ɗaukar nauyin bututu kawai ba zai jure wannan ba, ko sau goma ka yi masa walda.

Rarrabe su ba wuya. Kashe famfo, bar ruwa a cikin bututun, ɗora na'urar ji a wurin da ya fi rawa, ka bugi bututun da guduma mai kan roba ta gefen da yake kaɗawa. Lambar da ya yi ta kaɗawa a kanta ita ce tasa. In ta faɗo tsakanin 24 da 36, ƙarfen yana da hannu, domin muna son tazarar aƙalla kashi 20 tsakanin lambar bututu da bugun famfo mai ƙarfi. Wani gwajin kuma: famfo na aiki, tokare bututun da katako mai kauri a tsakiyar wurin da ke rawa. In na ƙarfe ne, jijjigar za ta faɗi nan take. In na ruwa ne, za ta lafa a inda ka tokare ta ɓullo a gaba, ko ka ji katakon yana ƙoƙarin kuɓucewa. Hukuncin ƙarshe dai na na'urar auna bugun matsi ne, wadda ake ɗaurawa kusa da bakin famfo, a ɗan gajeren nono, ba a ƙarshen dogon siririn tiyo ba. Gejin allura ba ya wannan aiki, musamman mai mai a ciki: an yi shi ne don ya ɓoye bugun. In kuna da na'urar sauya gudun moto, ku sauko da gudu a hankali daga 300 zuwa 250 kuna kallo. Jijjigar da ta faɗi warwas da ɗan ragin gudu amsawa ce, ba lalacewar inji ba.

Akwai abu na biyu a wannan bututun da ya fi tsinkewar ƙarfe damuna. Duk lokacin da fistan ya fara ja, dole ruwan da ke cikin mita goman nan ya ƙara gudu ya bi shi, sannan ya rage. Matsin da ake kashewa wajen wannan fizga yana da lissafinsa: tsawon bututu sau saurin ruwa sau juyin famfo sau wata lamba ta irin famfon, a raba da nauyin jan ƙasa sau wata lamba ta irin ruwan. Ga mai fistan uku lambar farko 0.066 ce, ga mai biyar 0.040, ta ruwa kuma 1.5. Ba ka faɗi faɗin bututun ba, bari mu ɗauka ruwan yana tafiyar mita ɗaya a daƙiƙa. 10 sau 1 sau 300 sau 0.066 ya ba da 198. Raba da 9.81 sau 1.5, ka sami kusan mita 13.5 na tsayin ruwa. Duk abin da matsin sararin samaniya ke ba ka a bakin teku mita 10.3 ne. In tankinka buɗaɗɗe ne kuma ruwansa bai fi famfo tsayi da wasu mitoci masu yawa ba, to a farkon kowace ja matsi yana faɗuwa har ruwan ya tafasa ba tare da wuta ba. Kumfan tururi ya buɗe a gaban fistan, sannan matsi ya dawo ya murƙushe shi da ƙarfi. Wannan ne kabiteshan. A kunne kamar ana zuba tsakuwa ne a cikin famfo, a jadawali kuwa ba tsini ɗaya yake bayarwa ba, sai dai ƙasan jadawalin ya tashi gaba ɗaya a can sama, wajen dubban Hz, inda awon da ka tsayar a 200 ba zai gani ba. Kuma abin da yake fara ci shi ne bawul da sufirinsa.

Wannan ya kawo mu kan 5 ɗin da ya ƙaru. Mai fistan uku kullum yana da ɗan ninki ɗaya da ninki biyu a jikinsa, don ko da yake ƙarfin fistan ukun yana kashe juna, akwai ragowar da ke jujjuya famfon gefe da gefe. Wannan ragowar ba ta canzawa matuƙar gudu bai canza ba. To me zai ƙara ta? Abin da ke faruwa sau ɗaya tak a zagaye, wato silinda ɗaya ta daina yin abin da 'yan'uwanta biyu ke yi. Kafin ka zargi karanshaf, zargi bawul. Bawul ɗaya mai yoyo, ko mai karyayyen sufirin, ko wanda wani datti ya maƙale a mazauninsa, yana sa turawar silindarsa ta gaza, sai ninki ɗaya da ninki biyu su bayyana a bugun matsin ruwa, inda a da babu su. Duba littafin aikinku: ruwan da famfo ke fitarwa ya ragu a makonnin nan? Allurar geji ta fara wata rawa mai faɗi a hankali, wadda ido ke iya binta?

A wannan mataki jadawalin tsini ya gama amfaninsa. Zai gaya maka ana ƙwanƙwasa sau ɗaya a zagaye, ba zai gaya maka wa ke yi ba. Koma kan zanen jijjiga a kan lokaci, ka haɗa da tef ɗin nan na fuli, wanda za ka manna daidai lokacin da fistan na ɗaya ya kai ƙarshen turawarsa. Zagaye ɗaya daƙiƙa 0.2 ne. Ɗora na'urar ji a kan murfin kowane bawul bi da bi, duka shidan (kowace silinda tana da na shiga da na fita), a wuri iri ɗaya. Lafiyayyen bawul ɗan tas yake yi gajere, jim kaɗan bayan fistan ya juya. Mai karyayyen sufirin yana makara wajen rufewa, ruwan ya riga ya fara komawa, sai ya maka shi a mazauni da ƙarfi, ka ga dogon tsini ya zo a makare. Mai yoyo kuwa wani huci yake yi mai tsawo a duk lokacin da ya kamata ya kasance a rufe, murfinsa ma yakan ɗan fi na sauran ɗumi. Kwatanta silinda da silinda ya fi kowace iyaka ta littafi amfani, don ukun suna aiki ɗaya, da ruwa ɗaya, a lokaci ɗaya.

Na taɓa tsayawa a gaban wani famfo a wata masana'anta, an riga an sauke takardar buɗe akwatin karanshaf saboda irin wannan ƙwanƙwasa. Na roƙi a ba ni rabin awa. Bawul biyar suka ba da zane kusan iri ɗaya, na shigar ruwa a silindar tsakiya kuwa tsininsa ya ninka na sauran, yana kuma zuwa a makare. Da aka kwance murfin, sufirin ya rabu gida biyu, guntun ya kwanta a gefe, fuskar mazaunin kuma duk ta yi ƙananan ramuka kamar an tsattsaga ta da allura. Ramukan nan su suka fi sufirin muhimmanci a wurina, don sun nuna kabiteshan ne ya karya shi, kuma sabon da za a saka ma hanyar da zai bi ke nan. Matatar da ke kan bututun shiga muka buɗe daga baya, muka tarar ta toshe fiye da rabi.

Ba na cewa ɓangaren karanshaf ba ya lalacewa. Fil ɗin kurosihed (mahaɗin kwanrod da fistan) ko metal ɗin kwanrod in suka yi sako-sako suna ƙwanƙwasa, amma nasu yana zuwa ne daidai inda nauyi ke juyawa daga tura zuwa ja da kuma daga ja zuwa tura, sau biyu a zagaye, kuma ya fi ƙarfi a jikin akwatin mai, ba a kan murfin bawul ba. Sautinsa ma ya fi kauri. Ɗebi man akwatin ka duba ko akwai ƙyallin ƙarfe a ciki, ka taɓa zafin wurin. In man tas yake, bar akwatin a rufe tukuna.

Gyaran bututun shiga yana da wani abu da ke kama mutane. Ƙara faɗin bututu yana rage saurin ruwa, in ka ƙara faɗin cikinsa har ruwan ya koma rabin gudu, mita 13.5 ɗin nan ta koma ƙasa da 7. Yana maganin kabiteshan ke nan, amma ba ya taɓa 32.5, don amon ruwa da tsawo yake tafiya, ba da faɗi ba. Abin da ke magance duka biyun shi ne tulun kwantar da bugu a bakin famfo. Iskar gas da ke cikinsa tana karɓar fizgar, sai ya zama ruwan da fistan ke ja da tsayarwa ɗan wanda ke tsakanin tulun da famfo ne kawai. Don haka kusanci shi ne komai. In ka sa shi rabin mita daga famfo, amon ɗan guntun ya haura wajen 650 Hz, inda bugun famfo ya riga ya yi rauni. In ka kai shi mita uku don wurin ya fi sauƙin walda, ka ƙirƙiri sabon amo wajen 108 Hz, dab da ninki 21. Ka kuma faɗa wa mai sayarwa ainihin matsin shigar ruwanka, domin tulu mai jakar roba irin na ɓangaren fita ba ya aikin kirki a matsi ƙasa-ƙasa, na shiga daban ake ƙera shi. Inda tanki ya yi ƙasa da yawa, ƙaramin famfo mai farfela a gaban babban, mai ciyar da shi da matsi, shi ne mafita. Tiyon roba mai laushi a bakin famfo yana raba girgizar ƙarfe, amma bugun da ke cikin ruwa ratsa shi yake yi ya wuce.

Ba ka ambaci tulun ɓangaren fita ba. In akwai, a duba shi rana ɗaya da bawul. Ana cika shi da naitirojin zuwa wajen kashi 60 zuwa 80 na matsin aiki, gwargwadon abin da maƙerinsa ya rubuta, kuma ba a auna cikarsa sai an sauke matsin layin gaba ɗaya, in ba haka ba matsin ruwa kake karantawa. Kada wani ya kuskura ya sa masa iskar oksijin, fashewa yake yi. Tulun da jakarsa ta huje ba ya nuna komai daga waje, fentinsa na nan yana ƙyalli, sai dai 15 da 30 su yi ta hawa a bututun fita.

Da ni ne a wurin gobe da safe, matatar bututun shiga zan fara buɗewa, in tabbatar bawul ɗin bakin tanki a buɗe yake har ƙarshe, sannan in bi murafen bawul shidan da na'ura, sai gwajin guduma in an kashe famfo. Kafin a kai ga sayen tulu, ka bi duk ƙananan rassan da ke jikin bututun, na geji, na fitar da iska, na zubar da ruwa, ka goge gindin waldarsu ka haska da tocila. Su ne ke fara tsagewa, tun kafin babban bututu ya nuna komai, musamman wanda aka ɗora wa bawul mai nauyi a kan siririn wuya. In ka ga tsartuwa a ɓangaren fita, kada ka laluba da hannu, ruwa mai irin wannan matsi yana huda fata. Ka turo mini faɗin bututun, tsayin ruwan tanki daga tsakiyar famfo, da zafin ruwan, mu sake lissafin mita 13.5 ɗin da lambobinka na gaske.